Tambayoyinku: Su waye For King & Country?

Tambaya: Don Allah Anti ina son sanin 'yan ƙungiyar nan ta waƙoƙin Kirista For King & Country, a ina suka koyi kiɗa haka? Makaranta suka yi ne? Daga wata mai karatu.

Amsa: Ƙanwata, a gida aka haife su cikin abin. Wa da ƙani ne, Joel da Luke Smallbone, an haifi Joel a 1984 shi kuma Luke a 1986, duk a Sidni ta Ostareliya. Babansu sana'arsa shirya wa mawaƙa wasanni, sai ya tafka asara, a 1991 ya kwashi iyalin suka koma Nashbil a Amurka, can ma da farko abin ba sauƙi don har sharar gidajen mutane da yankan ciyawa suka yi kafin a samu na abinci.

Yayarsu Rebecca St. James ce ta fara yin suna, ita ta ja su. Tun suna yara suke binta wajen wasa, suna aikin dandamali, Joel na yi mata amshi, to wanda ya tashi a haka ai ya gama makaranta. Luke kuwa wasanni ya so, sai da ya ji ciwo a gwiwa ya rungumi ganga, ni a ganina shi ya sa ganguna suka cika wasanninsu haka.

A da Joel & Luke ake kiransu. Albam ɗinsu na farko ya fito a 2012, a 2015 suka ci Grammy biyu, wato babbar lambar yabon mawaƙa ta Amurka.