Tambaya da Amsa: Zan Iya Canza Tagogin Gidana da Kaina?

Tambaya: Assalamu alaikum. Malam, tagogin gidana na katako ne, gara ta cinye wasu, wasu kuma sun kumbura har ba sa rufuwa, ruwa yana shigowa duk lokacin da aka yi ruwa da iska. Ina so in sa na alminiyom, kuma ina da ɗan sabo da aikin hannu. Zan iya yi da kaina, ko lallai sai na kira ma'aikaci? Daga wani mai karatu.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, za ka iya, muddin sabuwar tagar za ta zauna a gurbin tsohuwar ba tare da an fasa bango ba. Idan kuwa kana son faɗaɗa gurbin, ko ka ga linta ta tsage, to aikin ya zama na magini, domin lintar ce ke ɗauke da nauyin ginin da ke saman tagar. Haka ma tagar bene, ban ba ka shawarar hawa tsani da gilashi a hannu ba.

A wurin awo ne yawancin masu wannan aiki suke yin asara. Ka auna faɗin gurbin a wuri uku, sama da tsakiya da ƙasa, ka auna tsayinsa a hagu da tsakiya da dama, sannan ka ɗauki mafi ƙanƙanta a kowanne ka rage kimanin milimita 10, domin a samu sararin milimita 5 a kowane gefe. Bango ba kasafai yake miƙewa yadda ido ke gani ba, saboda haka ka auna a gicciye, daga kusurwar sama zuwa kusurwar ƙasa ta ɗaya gefen, ta ɓangarorin biyu. Idan awon ya bambanta sosai, gurbin a karkace yake, sai an gyara shi da siminti. Kada ka cire tsohuwar taga sai sabuwar ta iso ka sake gwada ta da tef, musamman idan gilashinta irin wanda aka ƙarfafa da zafi ne, domin shi ba ya yankuwa bayan an gama sarrafa shi.

Wajen cirewa, ka fara da gilashi da ƙyaure, sannan firam, kana sanye da safar hannu da tabarau na kariya. Idan fentin tsoho ne ƙwarai, kada ka kankare shi a bushe, don mai yiwuwa akwai dalma a ciki, ƙurarta kuwa tana cutar da ƙwaƙwalwar yara. Ka nemi mataimaki, domin gilashi mai kaurin milimita 5 yana da nauyin kilo 12.5 a kowace murabba'in mita.

Ka ɗora firam a kan 'yan guntayen katako, ka daidaita shi da ma'aunin ruwa irin na magina, a kwance da a tsaye, kafin ka huda bango. Ƙusoshi masu zare su fara daga kimanin santimita 15 daga kowace kusurwa, tazarar da ke tsakaninsu kada ta wuce santimita 60. Alminiyom yana da laushi, idan ka matse shi da yawa zai lanƙwashe, ƙyauren ya riƙa cijewa, shi ya sa ake buɗewa ana rufewa kafin a ƙarasa ɗaurewa.

Tun da ruwa ne babban kukanka, ka tabbata dakalin tagar ya ɗan gangara waje, ka cike sararin gefe, ka bi bakinsa da silikon, wato gam ɗin da ke toshe kafar ruwa. Akwai ƙananan ramuka a ƙasan firam ta waje, waɗanda wasu ke ɗauka aibi ne su toshe su, alhali ta nan ruwan da ya taru a cikin firam yake fita. Idan za ka ƙara ƙarfen kariya daga ɓarayi, ka bar aƙalla taga ɗaya a ɗakin kwana wadda ƙarfenta yake buɗuwa daga ciki saboda gobara. Ka fara da taga mafi ƙanƙanta a bayan gida, ka watsa mata ruwa bayan silikon ya bushe, idan ba ta yi yoyo ba sai ka ci gaba da sauran.