Lasisinka ba zai hana hukumar muhalli auna ruwanka ba

Tambaya: Ina da masana'antar jima, da lasisina na shekaru. Hukumar kula da muhalli ta auna ruwan da muke zubarwa, ta ce ya wuce ƙa'ida, ko in gyara ko ta rufe. Mutane da yawa na cin abinci a ƙarƙashina, kuma abokan sana'ata na yankin da ke maƙwabtaka da mu babu mai taɓa su. In kai hukumar kotu?

Amsa: Alhaji, doka ta bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka sai lauyanka ya karanta takardar da aka aiko maka kafin a yanke magana. Amma akwai fahimtar da ya kamata a gyara tun yanzu.

Da alama ka ɗauka lasisi haƙƙi ne da ka mallaka har abada. A mafi yawan dokoki izini ne mai sharaɗi, kuma galibi a jikinsa an rubuta cewa hukuma na iya shiga ta duba, ta tsaurara ma'auni, ko ta janye shi. Ko da kana kan ƙa'idar lasisin ma, ba lallai ya kare ka daga maƙwabtan da ruwan ya cutar ba. A Ingila, a 2012, kotun ɗaukaka ƙara ta ce izinin hukumar muhalli bai hana mazauna unguwa neman diyya kan warin wani wurin zubar da shara ba. Tushen abin tsoho ne: wanda ya gurɓata shi ke biyan kuɗin gyara. OECD, ƙungiyar haɗin gwiwar tattalin arziki ta ƙasashe masu arziki, ta amince da wannan a 1972, taron muhalli na Majalisar Ɗinkin Duniya da aka yi a birnin Riyo na Brazil a 1992 ya nanata.

Yawan ma'aikatanka zai yi maka amfani a teburin sulhu. Gaban alƙali da wuya ya wanke ka. Haka batun cewa an ƙyale wasu. Ba na musun akwai rashin adalci a ciki, domin hukumomi kan matsa inda ake auna ƙwazonsu. A Sin, da aka ɗaura ƙarin girman jami'ai da sakamakon tashoshin auna ruwan kogi, bincike ya nuna masana'antun da ke sama da tasha, waɗanda ruwansu ke gangarowa ta wurinta, sun sha matsi fiye da na ƙasa da ita. Irin wannan kan kori jari daga wani yanki zuwa wani. Sai dai laifin wani ba ya zama hujjarka, sai in za ka iya tabbatar da cewa da gangan aka ware ka, wanda abu ne mai wuyar gaske.

Inda mai yiwuwa kake da ƙafar tsayawa shi ne awon kansa. Daga ina aka ɗebi ruwan, bakin bututunka ko magudanar da wasu ma ke zuba nasu? Sau ɗaya aka ɗiba ko a lokuta daban-daban? Akwai wakilinka a wurin, an ba ka rabin samfurin? Ɗakin gwajin yana da shaidar amincewa? Ruwan jima yakan ɗauki sinadarin kuromiyam, kuma yawansa na hawa da sauka gwargwadon aikin ranar. Wasu jami'an kan aiko da sakamako tsirara, babu bayanin yadda aka same shi, su yi tsammanin a karɓa. Ka nemi bayanin a rubuce, ka sa wani ɗakin gwaji mai zaman kansa ya sake aunawa. Ka duba wa'adin ƙorafi, kada ya wuce ka.

Kada ka kuskura a tsarma ruwan ranar da sufeto zai zo, ko a taɓa na'urar awo. Abin da tara za ta kashe sai ya koma laifin zamba. Kamfanin motoci na Volkswagen ya gwada irin wannan, ya sa wa motocinsa manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi, asirinsa ya tonu a 2015, ya biya biliyoyin daloli.

Shawarata, ka rubuta wa hukumar ka nemi zama. Ka je da jadawalin gyara: yaushe za ka kafa wurin tace ruwa, nawa zai ci, me za ka rage kafin nan. A nan ne maganar ma'aikatanka za ta yi nauyi, don hukuma ma ba ta cika son a ce ita ta rufe masana'anta ba. Duk abin da aka amince a kai a sa hannu, kuma lauyanka ya tabbatar babu kalmar amsa laifi a ciki. Kotu sai in sun ƙi zama, ko sun rufe ba tare da sun saurare ka ba.