Fitar da zane da bilic a kan yadi mai fenti

Kin tambaya me ya sa bilic, wato sinadarin wanki mai sa tufafi fari, ya ci launin yadinki amma ya bar zanen da aka buga. Bilic rini yake ci. Fentin yadi kuwa manne yake a saman zare, ba ya jin sa.

Fara gwadawa a ƙyalle: bilic kashi 1, ruwa kashi 3, ki shafa da burushin roba, ki jira minti 5 zuwa 10. Baƙin yadi yakan koma ja-ja ko ruwan ƙasa, da wuya ya yi fari. Ki ɗauraye sosai, sannan ki tsoma a ruwa kashi 10 da haidurojin farokzaid (ruwan wanke ciwo da ake sayarwa a kemis) kashi 1, in ba haka ba bilic ɗin zai ci gaba da cin zaren har ya ruɓe.

Kada ki haɗa bilic da binega (ruwan khal), iskar guba yake fitarwa. Siliki da ulu kuwa, narkar da su yake yi.