Tambayoyinku: Ina iyakar bakin masu barkwancin dare a talabijin ɗin Amurka?

Tambaya daga wani mai karatu a Zariya: Ana cika mana baki cewa a Amurka kowa na faɗin albarkacin bakinsa. To yaya aka yi tashar ABC ta dakatar da mai barkwanci Jimmy Kimmel don ya taɓo kisan Charlie Kirk, ɗan gwagwarmayar siyasa mai goyon bayan Trump?

Amsa: Malam, gyaran farko da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 hannun gwamnati ya ɗaure, bai hana kamfani dakatar da ma'aikacinsa ba. A kotu kam mai barkwanci ba shi da fargaba sosai, don tun 1988 Kotun Ƙoli ta yanke cewa fitaccen mutum ba ya cin diyya kawai don shaguɓe ya ƙona masa rai.

Wajen lasisi ne gizo ke saƙa. Yawancin tashoshin da ke nuna shirin ABC a garuruwa na wasu kamfanoni ne, kuma FCC, hukumar gwamnati mai kula da harkokin sadarwa, ce ke ba su lasisi, ita ce ke sa hannu idan za a sayar da su. Ranar 17 ga Satumba 2025 shugabanta, Brendan Carr, ya yi barazanar ɗaukar mataki. Kafin gari ya waye Nexstar da Sinclair, biyu daga cikin kamfanonin da ke da waɗannan tashoshi, sun ce ba za su nuna shirin Kimmel ba, ABC ta bi sahu. A lokacin kuwa Nexstar na neman yardar hukumar don sayen Tegna, wani kamfanin tashoshin talabijin, kan dala biliyan 6.2. Babu kotu, babu tara. Tsoron rasa ciniki ya wadatar. Da masu kallo suka yi ca, aka mayar da Kimmel ranar 23 ga watan.

Tambaya daga wata mai karatu a Maraɗi: Na ga kusan dukansu Trump suke caccaka. Babu dokar da ta ce a yi wa kowa adalci?

Amsa: Malama, idonki bai yi ƙarya ba, Kimmel da Stephen Colbert da Seth Meyers duk sun fi yi wa 'yan Republican ba'a, ko da yake Greg Gutfeld na Fox News na ramawa. An taɓa samun ƙa'idar da ke tilasta kawo ɓangare biyu, amma FCC ta soke ta a 1987. Abin da ya rage shi ne dokar 1934 kan 'yan takara: tashar da ta ba ɗaya fili sai ta ba abokin hamayyarsa kwatankwacinsa idan ya nema. Shi ya sa da Kamala Harris ta fito a shirin barkwanci na Saturday Night Live na tashar NBC gab da zaɓen 2024, washegari NBC ta ba Trump nasa lokacin kyauta. Zolayar ɗan takara ba ta cikin wannan lissafi, sai in shi da kansa ya bayyana a shirin.