Amsa ga yarona kan wutar da ke hawa da rana, ta faɗi da dare

Ka tambaye ni abin da ya sa, tun da aka haɗa solar kasuwa da ta unguwa a kan layi ɗaya, mita take nuna bolt 255 da azahar a ƙarshen layin, amma bayan magariba ta sauko ƙasa da 190, har kana ganin a sa wa kowane shago sitabilaiza. Wannan shawara taka ba ta yi ba. Sitabilaiza ba ya ƙirƙirar wuta. Idan ƙarfinta ya faɗi, ƙarin amfiya yake ja daga layin domin ya cike gurbi, ƙarin kuwa shi ke sake danne layin, sai mai sitabilaiza ya ji daɗi, maƙwabcinsa ya kwana a duhu.

Ku yaran yanzu, da kun ga fuskar inbata, na'urar da ke mayar da wutar solar irin ta gida, ta rubuta 230 sai ku ɗauki hotonta da waya, ku ce aiki ya yi kyau. Inbata abin da ke bakinta take faɗa, ba ta san halin da mai firij yake ciki ba a nisan mita 400. Wayar alminiyam mai kauri 16 (murabba'in milimita) tana cin kusan bolt 46 a wannan nisa idan amfiya 30 na bi ta cikinta, domin wuta zuwa take yi ta dawo, tafiyar ta zama mita 800. Cire 46 daga 230 ka ga inda ka tsaya. Mai kauri 35 kuwa kusan bolt 21 za ta ci. Da rana lissafin juyawa yake yi: farantan solar unguwa suna samar da fiye da abin da ake sha, rarar tana neman komawa kasuwa, kuma ba za ta koma ba sai inbatar unguwa ta ɗaga ƙarfinta sama da na ɗaya ɓangaren. Hawan azahar da faɗuwar magariba ciwo ɗaya ne, kuma a waya yake.

Tambayar nan ta tayar mini da wani mikin da bai warke ba. Wani Alhaji a wani gari da ke kan hanyar Dukku ya kira ni in haɗa masa solar rijiyar burtsatse da ta shagunansa. Na ja masa waya mai kauri 35, na sa bireka a tsakani cikin akwati, na auna a gabansa da rana da dare, na ce masa kada a ɗora babban inji a kan layin sai an neme ni. Ya ce ragowar kuɗina sai an sayar da amfanin gona, na yarda saboda furfurarsa. Ashe bayan na bar garin sai ya sa aka sauke wayata aka kai gidan gonarsa, wani yaro da ya koyi aiki a bidiyo ya ja masa mai kauri 16 a madadinta, sannan aka jona injin niƙa da na walda. Injin niƙa idan zai tashi yakan ja ninki biyar ko fiye na abin da yake ci in ya daidaita, saboda haka duk safiya layin durƙushewa yake yi. Da azahar kuma inbatar rijiya takan kashe kanta idan ƙarfin ya haura 253, wato tana kare kayan mutane ne, amma yaron nan ya shiga saitinta ya buɗe iyakar don ta daina damunsa. Firij da talabijin suka fara ƙonewa a shagunan da ke kusa da rijiya.

Abin da ya ƙarasa aikin shi ne ranar da ya fasa makullin akwatina, ya raba layin, kowane ɓangare yana cin gashin kansa, sannan ya mayar da bireka ba tare da bugun inbatocin biyu, wato juyawar wutarsu, ya zo daidai ba. Wutar da ke juyawa sau 50 a daƙiƙa, idan ɗaya na sama ɗaya na ƙasa ka haɗa su, bambancin da ke tsakaninsu yana iya kaiwa ninki biyu na 230. Inbata biyu suka tafi a lokaci guda. Alhaji ya kai ƙarata wurin dagaci, wai aikina ne ba shi da kyau. Na hau tsani a gaban dattawa, na yanko guntun wayar, na ajiye kusa da ragowar tawa da na zo da ita, kowa ya ga bambanci da idonsa. Duk da haka aka ce a yi haƙuri, ai babba ne, ni in ɗauki nauyin inbata ɗaya. Ragowar kuɗina har yau ban gan su ba, mutumin kuwa ya sake zuwa Makka.

Saboda haka a naka aikin, fara da tantance wace inbata ce jagora. Inbata biyu a layi ɗaya shanun huɗa ne a ƙarƙashin karkiya ɗaya, in kowanne ya ja nasa gefe garma ce ke karyewa. Wadda ke da babban batir ita za ta riƙe 230 da bugu 50, sauran su bi ta. Masu kyau ana saita su yadda kowacce za ta ɗan sassauta bugunta idan kaya ya yi mata yawa, ta haka suke raba nauyi ba tare da sun yi magana ba, kuma idan batir ya cika jagorar takan ɗaga bugun kaɗan sama da 50, na farantai su fahimta su rage. Yawancin masu arahar da ke kasuwar Gombe ba su san wannan ba, ba sa haɗuwa sai da irinsu, a ɗaki ɗaya, da wayar sadarwa a tsakani. Batun ɗaure kan waya da binne sandar ƙasa ba zan ɓata tawada a kai ba.

In layin fes uku ne, wato wayoyi uku masu wuta, duba yadda aka raba shaguna a kansu, ka kuma duba mahaɗar nutiral, wayar da wuta ke komawa ta cikinta, a kan kowane turke, domin idan ta saki, fes ɗin da ba shi da kaya sosai yana iya tunkarar 400. Mai injin niƙa a ba shi lokacinsa tsakanin hantsi da azahar, ya cinye rarar da ke ɗaga maka layi. Gobe ka auna wuri uku, bakin jagora, tsakiyar layi da ƙarshensa, da azahar da bayan isha'i, ka rubuta bolt da amfiya a takarda, ka feɗe bakin wayar ka auna kaurinta da kanka, kada ka gaskata abin da aka buga a jikin roba. Saitin inbata kuwa kada yatsanka ya kai wurin sai na zo.