Ƙanƙara a bakin rufi, ruwa na ɗiga ta silin

Tambaya: Assalamu alaikum. Na sayi tsohon gida a Minneapolis, jihar Minnesota ta Amurka, ginin wajajen 1930. Duk hunturu ƙanƙara na taruwa a bakin rufi, ruwa na ɗiga ta silin. An ba ni shawara in ƙara insuleshan (abin da ake shimfiɗawa don hana zafi ratsawa) a sararin da ke tsakanin silin da rufi, in kuma toshe ƙofofin iskar da ke ƙarƙashin leɓen rufin don sanyi ya daina shiga. Ya kuka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ƙofofin nan kada ka taɓa su. Wancan sarari ana so ne ya zauna da sanyi kamar waje. Zafin cikin gidanka ne ke haurawa ya narkar da dusar ƙanƙarar da ke kan rufi. Ruwan ya gangaro, da ya iso bakin rufi mai sanyi sai ya daskare ya zama madatsa, na bayansa ya koma ciki.

Don haka fara da toshe hanyoyin da zafin ke bi: gefen fitilun silin, inda bututu da wayoyi suka ratsa, da murfin ƙofar hawa sama. Duba fankar banɗaki ma. A tsofaffin gidaje sau da yawa tururinta a saman silin yake ƙarewa, katako ya yi ta shan danshi har ya ruɓe. Waje ya kamata ta fitar da shi.

Bayan nan sai insuleshan. A irin sanyin Minnesota ana neman R-49 zuwa R-60 (R shi ne ma'aunin ƙarfin insuleshan wajen tare zafi). Kafin a zuba, a sa faranti na roba tsakanin katakan rufi a kowane baki, a bar wa iska hanya kamar inci 2, ta shigo ta ƙasa ta fita ta ƙololuwa. Ma'aunin da aka saba: ƙafa murabba'i 1 na ƙofar iska ga kowace ƙafa murabba'i 150 na silin.

Gidan 1930 kuwa sai da hattara. In ka ga wasu ƙwayoyi masu ƙyalli kamar tsakuwa a saman silin, fermikulait ne, wani tsohon nau'in insuleshan. Mafi yawansa daga ma'adanar Libby ta jihar Montana ya fito, wadda aka rufe a 1990, kuma yana iya ɗauke da asbestos, ma'adinin da shaƙar ƙurarsa ke jawo cutar huhu. Kada ka motsa shi, kira ƙwararru. Haka tsofaffin wayoyin lantarki da ke ɗaure a kan ƙullutun tangaran: ba a binne su cikin insuleshan, gobara suke jawowa. Mai aikin lantarki ya fara canza su.