Tsohuwar Motar Lantarki: A Gyara Batir Ko A Sayar?

Assalamu alaikum Malam. Ina da Nissan Leaf ƙirar 2013, na saye ta tokumbo bayan an cire tallafin mai. Da can tana kai ni Wudil ta dawo da ni Kano da caji ɗaya. Yanzu ko a cikin gari ne, in na kunna sanyi sai gabana ya dinga faɗuwa. Sanda 7 ta rage cikin 12 da ke nuna lafiyar batir a allon motar. Ni ɗan fansho ne, kuɗin sallamata na zuba a kanta. In gyara ko in sayar? Daga wani dattijo a Kano.

Wa alaikumus salam Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, motarka ba ta mutu ba, kuma abin da ya same ta ba sakacinka ba ne. Leaf ta farko, wadda ta fito a ƙarshen 2010, batirinta kWh 24 ne, wato yunit 24 na wuta yake ɗauka, kuma ba a yi masa hanyar sanyayawa da ruwa ba. Zafin da ya ɗauka sai dai ya huce da kansa. Tun a 2012 masu irin wannan mota a jihar Arizona ta Amurka suka yi ta korafin sandunansu na zubewa da wuri, har kamfanin ya ba da garanti na shekara 5 ko mil 60,000 ga batirin da ya sauko ƙasa da sanda 9. To, zafin Kano a watan Afrilu, lokacin da ake haura digiri 40, ɗan'uwan na Arizona ne. Garantin kuwa ya ƙare tun kafin motar ta hau jirgin ruwa.

Sandar farko tana ɓacewa ne idan lafiyar batir ta sauko wajen kashi 85 cikin ɗari, sauran kuma kowace tana tafiya da kashi 6 da ɗoriya. Sanda 7 ke nan kana da ƙasa da kashi 60 na ƙarfinsa na asali. Motar da a sabuntarta take yin kilomita 120 zuwa 135, yanzu ka lissafa mata 60 zuwa 70, ƙasa da haka in sanyi na kunne. Zuwa Wudil da dawowa ya wuce ta, wannan kam ka haƙura. Amma masallaci, kasuwa, asibiti, kai jikoki makaranta, duka nawa suke a yini? In ba su wuce kilomita 40 ba, shawarata ka riƙe abarka. Ko a layin wuta mafi tsada na Band A kake, inda yunit ya haura naira 200, cika wannan batir ba zai wuce maka naira dubu uku da ɗoriya ba. Tafiyar da zai yi maka, motar fetur sai ta sha lita biyar ko shida, ka kuwa san kuɗin lita.

Sauya batir gaba ɗaya shi ne gyara na gaskiya, shi ne kuma mai cin kuɗi. A 2014 Nissan ta sa wa sabon batirin dala 5,499 a Amurka, bayan ka miƙa musu tsohon, ban da kuɗin aiki. Ka buga wannan da canjin dala na yau, ka ɗora kuɗin jirgi da na kwastan a kan kaya mai nauyin kusan kilo 300 wanda ake lissafa shi cikin kaya masu haɗari. Zai iya haura kuɗin motar kanta. Akwai masu ciro batir mai kWh 40 daga Leaf ƙirar 2018 zuwa sama da ta yi hatsari su ɗora wa tsohuwa, tare da wata 'yar na'ura da ke sa kwamfutar motar ta karɓe shi. Yana aiki in an samu gwani. Ɗan fansho dai ba zan ce ya ci bashi don wannan ba.

Kafin ka yanke komai, ka sa a gwada. Akwai manhajar waya mai suna LeafSpy, ana haɗa ta da 'yar na'urar OBD da ake cusawa a ƙarƙashin sitiyari. Za ta nuna maka lafiyar batir da lamba, ta kuma jera maka ƙarfin ƙwayoyinsa, wato ƙananan baturan da aka haɗa suka zama babban. In duk sun tsufa tare, kansu ɗaya, babu abin gyarawa, sai lallaɓawa. In ɗaya ko biyu ne suka faɗi ƙasa da sauran, wannan yana gyaruwa da kuɗi kaɗan. Alamarsa ita ce caji ya zube farat ɗaya a kan hawa, hoton kunkuru ya bayyana a allo, mota ta koma rarrafe. Sannan ka nema mata inuwa, ka riƙa caji da dare ko da asuba, kada ka cika ta fal ka bar ta a rana tana gasuwa. Allah Ya sa albarka a abin da ya rage.

Malam, tawa Leaf ɗin sanda 8 ce, ina so in sayar in sayi Corolla. Dillalai sai yi mata tayin wulaƙanci suke. Wani mai gyaran wutar mota ya ce zai mayar min da ita sanda 12 da kwamfuta cikin minti kaɗan, kuɗin kuma ba yawa. Ya ce kowa haka yake yi. Me ka gani? Daga wani matashi a Kaduna.

Abin da na gani shi ne kana neman in sa maka hannu a kan ha'inci, ni kuwa ba zan sa ba. Ɗana, ka san abin da mutumin nan zai yi? Ba zai taɓa batirin ba ko da ɗan yatsa. Kwamfutar da ke lura da batir zai goge wa ƙwaƙwalwa, ta manta shekarun da ta ƙirga, ta ɗauka sabo aka sa mata. Allo ya nuna 12, batir yana nan a 8 ɗinsa. Bayan 'yan makonni ko watanni kwamfuta ta sake koyon gaskiya, sanduna su riƙa faɗuwa ɗaya bayan ɗaya a hannun wanda ya saya. Kai kuma lokacin kana cikin Corolla, ka sauya layin waya.

Wa kake jin zai saya? Mai kuɗi ba ya sayen Leaf mai shekara goma. Malamin makaranta ne, ko ma'aikaciyar jinya da ta yi shekara tana zubin adashi don ta huta da kuɗin mai, ko dattijo irin wanda wasiƙarsa ke sama da taka. Ka sake karanta ta. Zai yiwu shi ma haka aka yi masa tun daga inda aka loda motar. Manzon Allah (SAW) ya cusa hannu cikin tarin abincin wani ɗan kasuwa ya ji danshi a ƙasa, busasshe a sama, ya ce wanda ya yi ha'inci ba ya tare da shi. Hadisin yana cikin Muslim, yaran Islamiyya ma sun haddace shi. Ɓoye aibin kaya haramun ne, kuma mai saye yana da haƙƙin ya dawo maka da kayanka ranar da aibin ya bayyana.

Wannan "kowa haka yake yi" ita ce ta kashe mana kasuwa, kuma a harkar batir abin ya fi muni, domin kaya ne da ido ba ya ganin cikinsa. Ku shiga kasuwar kayan sola ku gani. Batir an manna masa takarda mai ƙyalli an rubuta ƙarfin da ko rabinsa bai kai ba. Tsofaffin ƙwayoyi da aka ciro daga motocin da suka mutu a Turai, an sa musu sabuwar riga, ana rantsuwa da Allah sababbi ne. Fawa bank mai nauyi a hannu, ka fasa ka tarar da ƙwaya ɗaya da ƙunshin yashi. Yanzu cutar ta hau mota. Batirin Leaf ɗin nan gwangwanaye 48 ne a jere, kowane da ƙwaya 4 a ciki. Sai mutum ya tsinto gwangwanaye daga motoci uku, wannan mai kashi 80, wancan mai kashi 50, ya haɗa su a akwati ɗaya, ya goge kwamfuta, ya ce maka "sabon batir daga Japan". Alhali jeren batir da ƙarfin mafi rauninsa yake tafiya, gwangwani ɗaya mai rauni shi zai tsayar da motar a tsakiyar titi. In kuma an ɗaure mahaɗa sakwa-sakwa ko an rufe akwatin ba a liƙe shi da kyau ba, damina ta zo ruwa ya shiga, maganar ta tashi daga asarar kuɗi ta koma gobara. Wutar batirin litiyam ba a kashe ta da bokiti biyu, tana iya mutuwa ta sake tashi bayan sa'o'i, a garejin da ke jikin ɗakin 'ya'yan mutum.

Mu masu saye ma da laifinmu. Muna son a ce mana araha, mun fi yarda da rantsuwa a kan gwaji. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Wanda duk zai sayi tsohuwar motar lantarki ko batirinta, kada ya tsaya a kan sandunan allo. Mota mai shekara goma da ta yi tafiya mai yawa ta nuna 12 cif, wannan abin tuhuma ne. A cika ta, a shiga tare da mai ita, a yi tafiyar kilomita 40 ko 50 da sanyi a kunne, a ga abin da ya rage. Mai gaskiya ba zai ƙi ba. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a sa lambar lafiyar batir a ciki.

Kai kuma ɗana, ka sayar da ita a sanda 8 ɗinta. Ka ɗauki hoton gwajin ka nuna wa mai saye, ka nemi wanda zirga-zirgarsa ta cikin gari ce kuma yana da sola a gida. Irin wannan zai fi dillali taya ta da daraja, don ya san abin da zai yi da ita. Kuɗin zai yi ƙasa da abin da ka sa rai. Ka cika da haƙuri ka sayi Corollar da ta ɗan fi tsufa.

Malam, don Allah ka taimaka. Motar maigidana ce, ya rasu bara. Jiya da caji a cike ta ƙi tashi, fitilu iri-iri suka kama a allo. An ce min batirin ya mutu, miliyoyi ne gyaransa. Ban yi barci ba. Daga wata baiwar Allah a Abuja.

Allah Ya jiƙansa Ya yi masa rahama, Hajiya, Ya ba ki haƙuri. Ki yi barcinki yau. Motar lantarki batir biyu gare ta. Ban da babban da ke ƙarƙashinta, akwai ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota, shi ke tada kwamfuta ya buɗe wa babban hanya. In ya yi rauni, mota ba ta tashi ko da babban a cike yake, ta kuma riƙa kunna fitilun gargaɗi barkatai. Motar da ta daɗe a ajiye, kamar yadda nake zaton taki ta yi, shi ne abin da ya fi kama ta. Ki sa a gwada ƙaramin tukuna, kuɗinsa kuɗin batirin mota ne na yau da kullum. Kada ki bari kowa ya ja motar zuwa garejinsa, kada ki saurari mai cewa zai "rage miki asara" ya saye ta a yadda take, sai wani ɗan'uwa da kika amince da shi ya tsaya an yi wannan gwaji a gabansa. In an sauya ƙaramin ba ta tashi ba, ki sake rubuto min da ƙirar motar da shekararta.

Malam, ba za a iya buɗe batirin a ƙara masa ruwan batir ba? Daga wani a Zariya.

A'a. Ba a ƙara wa litiyam ruwa, kuma akwatin nan wutar da ke cikinsa ta kai bolt 360, ta soket ɗin gidanka 230 ce. Kada ka kusance shi da sufana, kada ka bar yaron gareji ya kusance shi.

Motata ta yi hatsari, jikin ya tashi aiki amma batirin lafiya. Zan iya mayar da shi na solar gida? Daga wani a Sakkwato.

Ana yi, kuma sau da yawa batirin ya fi gangar motar daraja, don haka kada ka sayar wa 'yan gwangwan da su a haɗe. Sai dai "lafiya" ɗin nan wa ya tabbatar maka? Batirin da ya sha duka yana iya lotsewa ta ciki. Sai wanda ya san aikin babbar wuta, mai safar hannu ta musamman, ya sauke shi ya gwada gwangwanayen ɗaya bayan ɗaya, ya ware masu kumburi, ya sake jera sauran daidai da inbatarka, ya sa musu na'urar lura da caji tasu. A gina masa ɗaki daban mai iska a waje, nesa da inda ake kwana. In babu irin wannan ma'aikaci kusa da kai, ka sayar da batirin ga masu neman sa, ka sayi na sola mai garanti a rubuce.

Malam, zan iya cajin motar lantarki da ƙaramin janareta?

Ka sayi motar lantarki don ka guje wa fetur, yanzu kuma za ka ƙona fetur ka cika ta? Ƙaramin ma ba zai ɗauka ba, kuma cajar takan ƙi wutar da ba a haɗa mata waya zuwa ƙasa ba. Ka jira wuta.